Sawun Haƙori a Kan Murfi

Maganar mutane a kan Bahago ba ta taɓa zama ɗaya ba. Mai shayin bakin titi cewa yake yi mutumin kirki ne, sai dai tun rasuwar 'yarsa ya daina zama a benci, a tsaye yake shan shayinsa kamar wanda ake jira a wani wuri. Matan da ke jera murfi a kwali cewa suke yi idonsa ya sauya, wai in ya dube ka, abin da ke bayanka yake kallo. Maigadi kuwa har rantsuwa yake yi ya sha jin sa a ɗakin ƙira shi kaɗai yana cewa, “Uwata, Uwata,” sunan da yake kiran yarinyar da shi ke nan. Abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: duk masana'antar babu mai hannunsa. Shi ke sassaƙa ƙarfen zubi, ƙarafan nan biyu masu haɗa baki, da ake ɗura wa narkakkiyar roba su fitar da murfin gora da na bututun man goge baki.

Kowa kuma ya san yadda yarinyar ta tafi. Ba ta daɗe da fara magana ba. Uwarta na shanya, ita kuma ta jawo gorar ruwan wanke banɗaki, irin mai laushin nan da ake matsawa, ta buɗe ta sha. Murfin da ke kan gorar a masana'antar nan aka yi shi. Ƙanen mai masana'antar, wanda ake kira Mai Zane, shi ya zana shi. Uban yarinyar ne ya sassaƙa masa ƙarfe.

Shi ya sa da aka dawo daga ranar hutu aka tarar an sassare sabon ƙarfen zubi da guduma, ba a ko gama salati ba aka yanke hukunci. Wa ke da mabuɗi? Bahago. Wa ke da ciwo a zuciya? Bahago. Aka sa shi a sito aka ja ƙofa.

* * *

Hantsi ya ɗaga lokacin da Mai Sawu ya iso. Tsoho ne dogo da ya ranƙwafa, ba don tsufa kaɗai ba. Da ƙuruciya sawun dabbobin sata yake bi, da gari ya cinye daji ya koma bin na mutane. 'Ya'yansa sukan yi masa tsiya, wai bai san fuskarsu ba, amma ya san takalmin kowa.

Mai masana'antar, da ma'aikata ke kira Maigida, ya tarbe shi a ofis, bai ko zauna ba.

“Baba, ba zan ɓoye maka ba, ni a wurina magana ta ƙare. Sai dai matar Bahago ba ta da lafiya tun abin da ya faru, ba ta karɓar abinci sai daga hannunsa. Ba na so a ce na kai mai makoki gaban hukuma ban bincika ba. Ka duba. In an tashi aiki ba ka nuna mini wani ba, 'yan sanda zan kira.”

“Me ƙarfen yake fitarwa?”

Maigida ya ɗauko wata gora a kan tebur, mai jan murfi. “Wannan. Murfin da yaro ba ya iya buɗewa. Sai ka danna gefe biyu a tare, sannan ka murɗa, ka ji ya ce ƙas. A cikinsa akwai 'yar roba mai tsaga, ba ta sakin ruwa sai an matsa gorar. Ƙanena ya rame a kansa. Mun buga kwali guda na gwaji, yau ya kamata a fara bugawa gadan-gadan.”

Mai Sawu ya karɓa, ya danna, ya murɗa, murfi ya ƙi. Ya sake, ya ƙi.

“Ashe har mu tsofaffi kun hana.”

Maigida bai yi dariya ba.

“Mabuɗin ɗakin fa, a hannun wa da wa yake?”

“Ni, da ƙanena, da shi.”

* * *

A bakin ƙofar ɗakin ƙira Mai Sawu ya ja birki. Ƙasa tas, har tana ƙyalli.

“Wa ya yi mini wannan aika-aika?”

“Ni ce,” in ji wata dattijuwa mai riƙe da tsintsiya, wadda kowa ke ce wa Inna. “Kuma gobe ma zan yi. Shara aka ɗauke ni, ba gadin ƙura ba. Sai da na gama na ɗago kai na ga ɓarnar.”

Ƙarfen yana ɗaure a kan teburin aiki, a buɗe, cikinsa da ya kamata ya yi sumul kamar madubi ya zama kaca-kaca. Maigida ya nuna da yatsa.

“Dubi saran. Duk daga hagu ya zo. Wannan ko makaho ya shafa ya san hannun wa ne.”

Mai Sawu ya sunkuya. Gaskiya ne, saran ya karkata yadda na bahago yake karkata. Amma sara ne mai yawa, ba tsari, wani ya zame ya ci katakon tebur, wani ko gurbin murfin bai samu ba. Ya zagaya a hankali. Tsakanin teburin da bango akwai wani ɗan lungu da tsintsiya ba ta shiga ba, garin roba ya kwanta a ciki kamar toka. A nan ya ga sawu biyu, yatsunsu na fuskantar tebur. Takalmi ne mai sumul ɗin ƙasa, irin wanda rabin masana'antar ke sawa. An tattake wurin sosai, an koma kan ƙafar dama, an dawo ta hagu. Mai sawun ya daɗe a tsaye kafin ya ɗaga guduma.

Ya tsaya a inda sawun yake, ya ɗaga hannun damansa a iska, ya sauke. Mutum in ya tsaya ta bayan tebur ya yi sara da dama, wanda ya zo ta gaba zai ga kamar na hagu ne. Bai faɗa wa kowa ba. Karkatar sara ba ta wanke Bahago ba tukuna, ta dai daina kama shi.

* * *

Maigadi ya ce shi tun safe har yamma bai motsa daga bakin ƙofa ba.

“Ko fitsari, Baba, riƙe shi na yi.”

“Allah ya ba ka lada. Wa ya shigo?”

“Bahago. Da hantsi. Ya shiga ɗakin ƙira, ya daɗe, ya fito yana share ido.”

“Ka ji ƙarar guduma?”

Maigadi ya kau da kai. “To, ka san kunnena na hagu...”

Mai Sawu ya dubi ƙasan rumfar gadi, ya dubi ƙafafun mutumin, sannan ya ɗago ya dubi kansa.

“Askin nan ya yi maka kyau. Wanzamin ne ya zo nan, ko kan ka aika masa?”

Maigadi ya kai hannu ƙeya, ya ji santsi. Ya fara rantsuwa, ya bari a tsakiya. Daga baya ya sauke murya. Da rana ta take ya ja ƙofa ya tafi aski, daga can ya biya gidan yayarsa da ta haihu, bai dawo ba sai da inuwa ta miƙe.

“Don girman Allah, Baba, kada Maigida ya ji. Wallahi ban taɓa ƙarfen nan ba, ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.”

“Na yarda. Da ka dawo, ƙofar a yadda ka bar ta take?”

“A jaye take. Amma ni sakata ta sama nake sawa. Na tarar an sa ta ƙasa.”

* * *

Sito duhu ne da warin roba. Bahago na zaune a kan buhu, hannayensa a kan gwiwa. Ya gaida tsohon da ladabi, bai tambayi kome ba sai abu ɗaya.

“Baba, akwai wanda ya leƙa gidana?”

“Ban sani ba, ɗana. Zan sa a leƙa. An ce ka shigo jiya.”

“Na shigo. Na shafa masa mai, na rufe shi da ƙyalle.”

“Ranar hutu?”

“Gida ba ya zaunuwa da safe. Lokacin ne Uwata take tashi da rigimarta.” Ya shafa fuska. “A da, nake nufi.”

Mai Sawu ya samu wani buhun ya zauna. Bai ƙara tambaya ba. Ya san akwai maganar da ba ta fitowa sai an ba ta wuri.

Can Bahago ya ce, “Ban taɓa yin aiki irin wannan ba. Kowane gurbi da hannuna na goge shi, har fatar yatsuna ta ƙare. Ina yi ina ce mata, Uwata, ga shi nan, na kusa. Na ce in wannan ya fita, babu uban da zai sake tsayawa inda na tsaya a asibitin nan. Shi ne za a ce ni na sare shi?”

“Sun ce kana jin haushin gidan.”

“Ina ji. Ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da ta rasu Maigida ya zo, ya zauna, ya tafi. Ƙanensa ko inuwarsa ban gani ba. Muna haɗuwa kullum, ya miƙo mini zane, in karɓa. Bai taɓa kallon idona ba, ban taɓa cewa ya kalla ba.” Ya juya hannunsa na hagu, ya dube shi. “Amma Baba, da ni ne zan kashe ƙarfen nan, ba sai na yi masa wannan hauka ba. Akwai wuri ɗaya. Ƙwanƙwasa ɗaya. Sai an buga murfi dubu kafin a gane ya mutu.”

* * *

Ɗakin Mai Zane a sama yake, a ƙarshen matakala. Gorori ne jere a kan katako, duk a kife, ƙarƙashin kowace da farar takarda don a ga ko za ta ɗiga. A wani gefen bututai ne a danne da duwatsun awo. Shiru ɗakin yake, sai can wata gora ta saki ɗigo ɗaya, tal, ta sake yin shiru.

Mai Zane siriri ne, furfura ta riga shekarunsa. Ya miƙe ya ba tsohon kujerarsa, ya zuba shayi daga fulas a kofi biyu.

“Bahago ba zai yi ba,” ya ce tun ba a tambaye shi ba.

“To wa zai yi?”

“Ban sani ba.”

“Ka faɗa wa yayanka haka?”

“Yaya ba ya jin magana in ransa ya ɓaci.”

Mai Sawu ya kurɓi shayi, ya nuna gororin da haɓa. “Ni na ɗauka murfi murfi ne. A rufe, a buɗe.”

“Kowa haka yake ɗauka.” Muryarsa ta ɗan farfaɗo. “Abu biyu ake so ya yi, Baba, kuma ba sa ga maciji da juna. Ya hana, ya kuma bayar. In ya cika hanawa, tsohuwa mai ciwon hannu ta jefar da shi. In ya cika bayarwa, ya zube a jaka. Sai ka yi ta nema a tsakani, da kaurin gashi ɗaya. Ka gwada shi a zafi, ka gwada a sanyi, ka kife shi, ka taka shi, ka jefo shi daga sama. Ka yi zaton ka gama tunanin duk abin da hannu zai iya yi masa.”

“Sai kuma me?”

“Sai ka ga ba ka gama ba.”

Ya kai kofi baki, ya karkatar da kai gefe ɗaya kafin ya haɗiye, ya dafe muƙamuƙi. Mai Sawu ya gani, ya ajiye a ransa tare da sauran ƙananan abubuwan da bai san amfaninsu ba tukuna.

“Jiya kana ina?”

“Na fita yawo. Ba na iya zama.”

Yau mutum biyu ke nan suka ce masa ba sa iya zama.

* * *

A kan matakala Inna ta tare shi. Tsiwar ɗazu ta tafi. Ta leƙa sama, ta leƙa ƙasa.

“Baba, kai da kake bin sawu, kana bin na wanda ba ya taka ƙasa?”

“Faɗi, ina ji.”

Ta kai shi ɗan ɗakin da take ajiye tsintsiya da bokiti, ta jawo wani gwangwani daga bayan ƙofa, ta buɗe da gefen mayafi, ba ta yarda yatsanta ya taɓa ciki ba. Murfi ne cike, fari da shuɗi da kore, kowanne a taune.

“Tun bayan rasuwar yarinyar nan nake tsintarsu. A kwandon shara, a lungun matakala, a bayan taga. Da farko na ce ɓera ne. Na ɗana tarko, ko wutsiya ban kama ba. Na sa magani, yana nan yadda na sa shi. Sai wata cikin masu kwali ta ce, Inna, kin manta yadda ta buɗe gorar? Uwarta ta ce ba da hannu ba ne. Da haƙori ne.” Ta waiga ƙofa. “Tun daga nan ba mai yarda ta hau sama ita kaɗai. Cewa suke yi tana dawowa tana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na kasa zubarwa. In na zubar, ina za ta neme su, in ba gidana ba?”

Tsigar jikin Mai Sawu ta tashi, duk da tsufansa. Ya taɓa bin sawun da ya ƙare a bakin rijiya, ya san ba kome ake bi har ƙarshe ba. Ya yi bisimilla, ya ɗebi murafan ya kai bakin taga.

Ɓera da haƙoran gaba yake aiki, yana barin layi biyu sirara. Wannan ba haka ba ne. Loɓawa ce mai faɗi, sama da ƙasa, ta haƙoran turmi. Ya gwada faɗinta da babban yatsansa. Bakin yarinya ƙarama ba zai ko ɗauki murfin ya kai shi can ciki ba. Ya jera su a kan dakalin taga. A waɗanda ƙura ta dafe, sawun turmin a cike yake. A sababbin kuwa akwai giɓi, wuri ɗaya, kullum wuri ɗaya, inda haƙori ya gutsure bai ƙara taɓa roba ba.

“Yarinya na kwance inda aka ajiye ta, Inna. Allah ya ji ƙanta. Wannan bakin yana cin abinci.”

“Na wa ne?”

“Ara mini sandar tsintsiyarki.”

Ya koma ɗakin ƙira, ya shiga lungun bayan tebur, ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zura sanda ƙarƙashi ya yi ta lalube. Guntun waya ya fito, tsumma ya fito. Sai wani abu mai sauƙi ya gangaro ya tsaya a ƙafarsa. Gora ce mai jan murfi, sabon nan da yaro ba ya iya buɗewa. Turmi ya loɓa shi gefe da gefe, daidai inda aka yi don yatsu, da giɓin nan a wurinsa.

A buɗe yake.

Mai Sawu ya daɗe a durƙushe da gorar a hannu.

* * *

Rana ta yi sanyi, injuna sun fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, lokacin da Mai Sawu ya sa aka tara su a ɗakin ƙira: Maigida da ƙanensa, Maigadi, Inna, da Bahago da aka fito da shi yana ƙifta ido. Matan kwali suka cika bakin ƙofa. A kan tebur ya jera gorori daga kwalin gwaji, ya cika su da ruwan famfo, kowace da jan murfinta a rufe.

“Ba wanda zan tambaya kome,” ya ce. “Kowa ya ɗauki ɗaya ya ciji murfin.”

“Baba, wasa na kira ka ka yi mini?” in ji Maigida.

“In wasa ne, ka kira 'yan sandanka. Waya na aljihunka.”

Maigida ya fizgi gora, ya datsa murfin da haƙoran gaba, ya dangwarar. Maigadi ya ce shi haƙoransa da suka rage ba su kai a yi taro da su ba, ya dai ɗan taɓa da gaba, ya yi murmushin da ba wanda ya taya shi. Inna ta tofa addu'a, ta rufe ido, ta ciza da gaba ita ma, ta goge baki da mayafi.

Bahago ya ɗauki tasa, ya riƙe da hannu biyu. Ya ɗago ta har ƙirji, ta tsaya a nan.

“Wannan kam ba zan iya ba, Baba. A kai ni duk inda za a kai ni.”

Aka fara gunaguni a bakin ƙofa. Wata ta ce, “Kun gani?”

“Ajiye, ɗana,” in ji Mai Sawu. “Saura kai, Mai Zane.”

Mai Zane ya dubi gorar kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya ɗauka. Bai kai ta gaban baki ba. Ya karkatar da kai, ya tura murfin can gefe tsakanin turame, ya datse, hannayensa biyu kuma suka murɗa gorar.

Ƙas.

Ruwa ya tsarto masa a baki, ya zubo ta haɓa, ya jiƙe gaban rigarsa. Bai goge ba. Har ya bar duniya Mai Sawu bai san ko sabo ne ya riga mutumin, ko gajiya ce ta sa ya bari hannunsa ya faɗi abin da bakinsa ya kasa ba.

Mai Sawu ya ajiye gorar da ya tsinta kusa da wadda aka buɗe yanzu. Loɓawa ɗaya, giɓi ɗaya.

“Ƙanena,” in ji Maigida. “Kai?”

“Ni ne, Yaya.”

“Aikinka? Da hannunka?”

“Tun ranar da na ji yadda yarinyar ta buɗe gorar, ban ƙara zana murfi ban cije shi ba. Har haƙorina ya gutsure. Wanda muka yi na hannu yana da tauri, na cije shi har na gaji, bai buɗu ba. Na ce na samu. Amma wanda inji ya buga ya fi laushi. Muƙamuƙi yana danna gefe biyu a tare, fiye da yatsa ma. Yaro kuma ba ya cizo ya tsaya, juya gorar yake yi.” Ya dubi jan murfin. “Wannan ya fi tsohon sauƙi a bakin yaro, Yaya. Kuma mun rubuta a jikinsa cewa yaro ba ya buɗewa. Uwa za ta ajiye shi a ƙasa hankalinta kwance.”

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Na ce maka a dakata. Ka ce masu saye sun gaji da jira.”

“Ka ce a dakata, ba ka ce mini don me ba!”

“Na kasa. Jiya na dawo, na ce ko kuskure na yi. Na cije na farko ya buɗe. Na biyu ya buɗe. Na tsaya a bayan teburin nan ina kallon ƙofa, ina jin kamar yarinyar za ta shigo.” Ya dubi ƙarfen. “Sai na ga guduma.”

Maigida ya nemi kujera ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu. A bakin ƙofa wadda ta ce “kun gani” ta sunkuyar da kai.

Bahago ya matso ga teburin. Ya shafa cikin ƙarfen da yatsunsa, gurbi bayan gurbi, yadda ake shafa kan mara lafiya. Da ya yi magana, bai ɗaga murya ba.

“Da ka faɗa mini, da ni zan riƙe maka ƙarfen, kai ka sara. Da na nuna maka inda ake bugu.”

Ya janye hannunsa daga ƙarfen, ya juyo ga Mai Zane.

“Ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Ƙarfe ana sake wani. Amma kana tsaye aka ja ni. Ka ga an rufe ƙofa. Ka hau sama ka sha shayi. Matata kuma tana can tun safe ba ta sa kome a bakinta ba, tana jiran motsina.”

Ya ɗauki hularsa a kan ƙusa, ya nufi ƙofa. Matan suka dare suka ba shi hanya.

Mai Sawu ya dubi Mai Zane. Aikinsa shi ya ƙare, sawu ya kai inda zai kai, sauran ba nasa ba ne. Duk da haka ya ɗan ja da baya, ya buɗe masa hanya tsakanin tebur da bango.

Mai Zane ya fito, rigarsa na ɗiga. Ya bi bayan mutumin har bakin ƙofa, ya durƙusa a kan siminti. Leɓunansa suka motsa, ba abin da ya fito.

Bahago ya tsaya, bai juyo ba.

“Ban ji ba.”

Mai Zane ya ɗago kai. Wannan karon har masu kashe injuna a can ƙarshen zaure sai da suka ji.

“Ka yafe mini na yau. Na bar ka a sito saboda tsoro, ba wani abu ba. Ka kuma yafe mini na 'yarka. Ni na zana murfin da ta buɗe, ban taɓa tunanin haƙori ba, kuma ban zo ba. Ban zo maka gaisuwa ba. Don Allah, Bahago, kai da mahaifiyarta, ku yafe mini.”